Mai takardar shaida ko mai shekaru a kiwo: wa za mu ba ikkilisiya?

Sakataren Kwamiti:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Shawara na zo nema, domin abin ya fara hana ni barci. Fastonmu zai yi ritaya a ƙarshen shekara, bayan shekara 19 yana tare da mu. Ikkilisiya ta naɗa mu mutum 7 mu nemo wanda zai gaje shi. Ni ne ƙarami a cikinsu, shi ya sa aka ɗora mini rubutu. Mun tace sunaye har sun koma biyu.

Na farko matashi ne, shekararsa 34, yana da digiri biyu a tauhidi, yana karanta Sabon Alkawari da Helenanci. In ya fara wa'azi ba ka son ya sauka. Sai dai bai taɓa riƙe ikkilisiya shi kaɗai ba, mataimaki ne inda yake. Na biyun ya haura 50. Kafinta ne asalinsa, ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta shekara 2, sannan ya yi sama da shekara 20 yana aikin mai bishara a ƙananan majami'u. Wa'azinsa ba ado, wani lokaci ma yakan maimaita abu ɗaya, amma duk inda ya bari, mutane da kuka suke rabuwa da shi.

Kwamiti ya rabu, uku nan, uku can. Saura ni. Me zan duba?

Baba Dattijo:
Ɗana, sannu da ɗawainiya. Kafin ka tambayi wa, ka tambayi me. Wane aiki ne kuke neman mai yi? Na yi shekara 26 a majalisar dattawa, na ga an kira fasto sau huɗu, kuma duk sau huɗun kowa da faston da ke cikin ransa yake zuwa taro. Matasa mai wa'azi suke so. Tsofaffi mai ziyara. Masu kula da baitulmali wanda zai gina sabon ɗaki. Mata wanda matarsa za ta riƙe zumunta. Sai mutum ɗaya ya iso da akwatinsa, a aza masa duk waɗannan, shekara biyu a ce ai ba shi muka zata ba. Ku zauna ku bakwai, kowa ya rubuta abu uku da yake gani su ne aikin fasto. Za ka ga rabuwarku ba a kan mutanen nan biyu take ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba ya yi gaskiya, kuma Nassi bai bar mu cikin duhu ba. A Ayyukan Manzanni 20, Bulus yana Militus ya aika a kira masa dattawan ikkilisiyar Afisa. Aya ta 17 ta kira su dattawa. A aya ta 28 ya ce Ruhu Mai Tsarki ya sa su masu kula da garken, ya kuma umarce su su yi kiwonsa. Mutane ɗaya, suna uku: dattijo, mai kula, makiyayi. Daga kalmar Helenanci ta mai kula aka samo bishop. Fasto kuwa kalmar Latin ce, ma'anarta makiyayi kawai. Dikin ma daga Helenanci ne, mai hidima. Rabaran laƙabin girmamawa ne da ya zo daga baya, ba muƙami ba ne a Nassi.

Aikin kuma ga shi a wurin: ciyarwa, tsaro daga kyarketai, da gargaɗi. Bulus ya ce shekara 3 ya yi yana yi wa kowannensu gargaɗi dare da rana, har da hawaye. To ciyarwa da tsaro duk da Kalma ake yinsu. Titus 1:9 ta ce dattijo ya iya ƙarfafa mutane da sahihiyar koyarwa, ya kuma iya ƙaryata masu musu. A zamanin da kowane yaro ke da masu wa'azi goma a wayarsa, ina ganin mai zurfin karatun ya kamata ku ɗauka.

Tsohon Dikin:
Malam ɗalibi, ka karanta mana Titus, to mu koma 1 Timoti 3. Ka ƙirga abubuwan da aka jera daga aya ta 2 zuwa ta 7. Marar abin zargi, mai mace ɗaya, mai kamun kai, natsattse, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, ba sabon tuba ba, mai kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba na ikkilisiya ba. A cikin wannan jeri duka, abu ɗaya tak ya shafi gwaninta: ya iya koyarwa. Sauran hali ne. Hali kuwa ba a ganinsa a takarda, ba a ma cika ganinsa a kan bagadi ba. Sai a gida, da wurin maƙwabta, da ranar da kuɗi ya shiga tsakani. Majalisar Yahudawa ta lura Bitrus da Yohanna ba masu karatu ba ne, abin da ta gane shi ne sun zauna da Yesu. Amos ma cewa ya yi shi ba annabi ba ne, ba ɗan annabi ba, makiyayi ne aka ɗauko daga bin garke.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba Dikin, ban musa ko ɗaya ba. Amma Bitrus da Yohanna sun yi kusan shekara 3 a gaban Malamin da babu irinsa, wannan ba rashin karatu ba ne. Bulus kuma a wurin Gamaliyel ya yi ilimi, kuma wasiƙu 13 na Sabon Alkawari sunansa suke ɗauke da shi. Rashin karatun masu kiwo ya taɓa jawo babbar ɓarna. A wajen 1528 Martin Luta ya shiga zagayen duba ikkilisiyoyin yankin Saksoni a Jamus, ya tarar da fastoci da yawa ba su iya koyar da abu mafi sauƙi na bangaskiya ba, jama'a kuma ba su san Addu'ar Ubangiji ko Dokoki Goma ba. Wannan ne ya sa ya rubuta ƙaramin katikisim, wato littafin koyar da tushen bangaskiya, a 1529. Katolika ma sun ga matsalar a gidansu, shi ya sa Majalisar Tirent ta ba da umarni a 1563 a buɗe makarantun horar da firistoci a dayosis-dayosis. Ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna a lokacin, amma a wannan bakinsu ya zo ɗaya.

Katikis:
Gaisuwa gare ku duka. Ni Katolika ne, kuma a wurinmu jama'a ba sa zaɓen Fada, Bishop ne yake turo shi. Saboda haka irin nauyin da ke kan ɗan'uwa Sakatare ba mu san shi ba. Amma tacewar tana nan, tun daga baya ake yinta. Dokar ikkilisiya ta ce a yi aƙalla shekara 6 ana karatu, 2 na falsafa, 4 na tauhidi, ba a kuma naɗa mutum firist sai ya cika 25. Bishop sai ya kai 35, ya kuma yi aƙalla shekara 5 yana firist, in ya cika 75 ya miƙa takardar ajiye aiki. Matakai uku ne, bishop, firist da dikin, kuma tsarin tsoho ne, yana cikin wasiƙun Ignatiyus na Antakiya tun farkon ƙarni na 2.

Abin da nake so in ƙara shi ne wannan. Fada ɗaya yakan riƙe ƙananan majami'u masu yawa, wata sai ta yi makonni ba ta gan shi ba. Wa ke shirya masu baftisma, wa ke jagorantar addu'ar Lahadi, wa ake tasa da dare in wani yana bakin mutuwa? Katikis ne. Mai bisharar nan naku irin aikinmu ya yi shekara 20. Kada wani ya ce bai taɓa kiwo ba don ba a naɗa shi Rabaran ba.

Rabaran Mai Ritaya:
Na karanta duka, na ji daɗin yadda kuke magana da juna. Ku bar ni in ɗan tsawaita, tsufa ya ba ni lokaci.

Tarihin ikkilisiya cike yake da makiyayan da suka shigo ta ƙofar da ba a zata ba. Ambros gwamna ne a Milan ta Italiya. A 374 rikici ya tashi kan wanda zai zama bishop, ya shiga majami'a don ya kwantar da tarzoma, sai jama'a suka ce shi suke so. Ko baftisma ba a yi masa ba tukuna. Cikin kwana 8 aka yi masa baftisma, aka naɗa shi. Wannan ya saɓa wa 1 Timoti 3:6, ya kuma saɓa wa dokar Majalisar Nikiya ta 325 da ta hana gaggauta naɗa sabon tuba, kuma ba na ba kowa shawarar ya kwaikwaya. Amma ku dubi abin da ya yi bayan nan: ya rabar da dukiyarsa, ya zauna a gaban wani tsohon firist mai suna Simfilisiyan yana koyon Nassi kamar ɗan makaranta. Gwamnan da ke cikinsa kuma bai mutu ba. A 390, da Sarki Tiyodosiyus ya sa aka yi wa mutanen Tasalonika kisan gilla, Ambros ne ya iya ce masa sai ya tuba a fili. Wanda bai taɓa zama a fada ba, da wuya ya san yadda ake tsayawa a gaban sarki.

Agustin, wanda Ambros ya yi wa baftisma a 387, malamin iya magana ne. A 391 ya shiga majami'a a Hippo, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, jama'a suka riƙe shi suka ce sai an naɗa shi firist. Ga ilimi kamar teku, amma abu na farko da ya roƙi bishop nasa shi ne a ba shi ɗan lokaci ya nazarci Littafi Mai Tsarki, domin ya gane iya magana daban, kiwon rayuka daban.

Ku zo kusa. William Carey mai ɗinkin takalma ne kafin ya tafi Indiya a 1793, kuma a bakin aikin takalman ya koya wa kansa harsuna. Spurgeon bai yi digirin tauhidi ba, yana ɗan shekara 19 aka kira shi wata babbar ikkilisiya a Landan, amma shi ne ya buɗe kwalejin horar da fastoci a 1856. John Wesley ya yarda magina da masu sana'ar hannu su yi wa'azi, amma ya ɗora musu karatun awa 5 kowace rana. Martyn Lloyd-Jones likita ne, ya ajiye aikin asibiti a 1927 ya tafi wata ƙaramar ikkilisiya a Wales, kuma masu jin wa'azinsa sun ce yakan binciki rai kamar yadda likita ke bin diddigin cuta. Samuel Ajayi Crowther an kama shi bawa yana yaro a 1821, jiragen yaƙin Ingila suka kuɓutar da shi a 1822, ya yi karatu a Fourah Bay ta Saliyo, aka naɗa shi bishop a 1864. Janani Luwum malamin makaranta ne kafin ya zama Akbishop a Yuganda, aka kashe shi a 1977 a zamanin Idi Amin.

Abin da na gani a cikinsu duka: babu wanda ya tsaya inda ya fito. Mai sana'ar hannu ya nemi littafi, mai littafi ya nemi mutane. Saboda haka, ɗana Sakatare, ka tambayi kafintan nan abin da ya karanta a shekarar nan, da wurin wa yake zuwa in aya ta gagare shi. Ka tambayi mai digirin yaushe rabonsa da zama a gefen gadon mai mutuwa, da sunan mutum ɗaya da ya yi ta bi har ya dawo hanya. Wanda ya ji haushin tambayar, shi za ka ji wa tsoro.

Malamar Jinya:
Baba Rabaran, maganarku ta gadon mai mutuwa ta taɓa ni. Shekara 17 ina aikin jinya, na ga fastoci iri-iri suna shigowa ɗakin marasa lafiya. Akwai wanda zai shigo da murya sama, ya yi addu'ar minti goma, ya ce wa iyali kada kowa ya yi kuka, ya duba agogo ya fita. Akwai wani dattijo da ba zan manta ba. Wani magidanci ne ke kwance, ƙoda ta daina aiki, kowa ya san abin da ke tafe sai dai ba mai faɗa. Faston ya jawo kujera, ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya riƙe hannun mutumin. Ya fi rabin awa bai ce komai ba. Can sai ya sunkuya ya tambaye shi a hankali ko akwai wanda yake so a kira masa. Mutumin ya ambaci ƙaninsa, wanda suka yi shekaru ba sa magana. Faston da kansa ya fita ya nemo shi a daren. Ina tsaye ina canza ruwan da ake ƙara masa lokacin da suka yafe wa juna. Kafin asuba ya cika.

Ban san ko dattijon nan yana da digiri ba, ban tambaya ba. Yakubu 5:14 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya. A duba mana wanda ya iya zuwa in an kira.

Ɗalibin Tauhidi:
Mama, na karɓa. Amma ku yi mini adalci: tambayar da dattijon ya yi, tauhidi ce. Ya san mutum yana bukatar sulhu kafin ya tsaya gaban Allah. Wanda ya hana iyali kuka, koyarwarsa ce ta karkace, ya manta Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Ni ba takarda nake kare wa ba, sanin gaskiya nake kare wa.

Malamar Jinya:
A kan wannan ba mu da saɓani, ɗana.

'Yar Fasto:
Tun jiya nake karantawa ina rasa ta inda zan fara. Kowa yana maganar abin da fasto zai yi wa ikkilisiya. Ni a gidan fasto na tashi, bari in faɗi abin da ikkilisiya ke yi wa fasto.

Babana shi ne mai wa'azi, shi ne mai ziyara, shi ne mai sasanta ma'aurata, shi ne mai rubuta wasiƙu, shi ke riƙe makullin majami'a, in rufi ya yi yoyo shi ake faɗa wa. Akwai tocila da takalmi da yake ajiyewa a bakin ƙofa saboda bugun dare. Ba na tuna cin abincin dare da aka gama ba a yi sallama ba. Mamata ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba wanda ya biya ta, amma ita ce shugabar mata, ita ce mai dafa wa baƙi, kuma in ɗayanmu ya yi kuskuren da kowane yaro ke yi, sai a ce 'ya'yan fasto ne fa. Ranar da aka yi mini tiyata ina 'yar shekara 11, na farka na tambayi Baba, aka ce ya tafi jana'iza. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin na ga yadda ya zauna a ƙasa kusa da gadona da daddare, kansa a kan katifa, ya yi barci da rigar wa'azi a jikinsa. Amma dattawa tara ne a ikkilisiyar. Ba ɗaya da ya ce, Fasto zauna da 'yarka, mu za mu je.

Yana da shekara 58 hawan jini ya kwantar da shi. Waɗanda suka riƙa bugun ƙofa ba su fi a ƙirga da yatsu ba da suka zo gaishe shi.

Yayana Sakatare, 1 Timoti 3 ta ce fasto ya iya riƙe gidansa. Ku bar masa lokacin da zai riƙe shi. Duk wanda kuka ɗauka a cikin biyun nan, in haka za ku yi masa, mai digirin zai daina karatu, kafintan kuma zai faɗi.

Baba Dattijo:
'Yata, kin sa na sunkuyar da kai. Ni ma na zauna a kujerar dattawa ina kallo ana yin irin wannan, ban ce komai ba. Allah ya gafarta mana, ya ba babanki lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun san karin maganar, amma da mun shiga majami'a sai mu manta. Yetro ya ga Musa yana zaune daga safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a, ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gaji, su ma za su gaji. Ya sa ya naɗa shugabanni na dubu-dubu, na ɗari-ɗari, na hamsin-hamsin da na goma-goma. Fitowa 18 ke nan. Musa fa.

Tsohon Dikin:
Aikinmu ma daga nan ya samo asali. A Ayyukan Manzanni 6 gunaguni ya tashi, ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce za mu ƙara ƙoƙari ba. Cewa suka yi jama'a su zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, su kuwa su duƙufa ga addu'a da hidimar Kalma. Ku duba sunayen bakwai ɗin, duk na Helenanci ne. Wato an damƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. A nan asalin mutum ya yi amfani sosai.

Shawarata ga kwamiti ɗaya ce: kada sabon fasto ya taɓa kuɗin baiko. Mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta, a karanta wa jama'a rahoto. Ba don ana zarginsa ba, don a tsare sunansa. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, ya nemi ikkilisiyoyi su zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, yana cikin 2 Korantiyawa 8. Sannan ku biya shi hakkinsa a kan lokaci. 1 Timoti 5:18 ta ce kada a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka. Na ga ikkilisiyar da ta riƙe albashin fasto wata huɗu, sannan ta yi ƙorafi wai ya cika neman na kansa.

Rabaran Mai Ritaya:
Haka ne. Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, wanda lauya ya karanta tun farko, da ya tsara ikkilisiyar Jeniba a 1541 ya raba aikin gida huɗu: fastoci, malamai, dattawa da dikinoni. Ana iya saɓa masa a lissafin, amma ya gane mutum ɗaya ba ya zama duka. Afisawa 4:12 ta ce an ba da makiyaya da masu koyarwa ne domin su shirya tsarkaka su yi aikin hidima. Faston da ya yi shekara 19, in ya tafi komai ya tsaya, ko shi bai saki ba, ko ku ba ku karɓa ba.

Malamar Makarantar Lahadi:
Ina da tambaya, ku yi haƙuri in ta fita daga layi. A cikin sunayen da kuka tace, akwai mace? Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja Afolos gefe suka ƙara fahimtar da shi, ga shi masani mai iya magana. Bulus ya kira Fibi mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya. Timoti ma daga kakarsa da mahaifiyarsa ya gaji bangaskiya.

Mai Kula da Zaure:
Mama, tambayarku tana da nauyi, kuma ikkilisiyoyi sun rabu a kanta. Cocin Ingila ta fara naɗa mata firistoci a 1994, mace ta farko ta zama bishop a can a 2015. Katolika da Otodoks ba sa naɗawa, haka ma wasu manyan ƙungiyoyin Baptis, suna kafa hujja da 1 Timoti 2:12. Ina roƙo mu buɗe mata zaure nata gobe don kada ta danne wadda ake yi.

Malamar Makarantar Lahadi:
Na yarda. Amma ko ba naɗi, kwamiti ya saurari matan ikkilisiyoyin da mutanen nan suka yi aiki. Mu muka fi sanin wanda ke gaishe da gwauruwa in ba mai kallo.

Sabon Tuba:
Shekarata 2 da baftisma, ban san yawancin sunayen da aka ambata ba. Abin da na sani shi ne, lokacin da danginmu suka juya mini baya, mai wa'azin da na fi so a intanet bai san ina duniya ba. Wani dattijo ne a majami'armu ya riƙa kirana kowace Laraba, ya karanta mini sura ɗaya ta Markus, ya tambaye ni me na gane. In na yi tambayar da bai sani ba, sai ya ce bari in tambayi Fasto, mako mai zuwa kuwa sai ya zo da amsa. Su biyun nake bukata.

Sakataren Kwamiti:
Na gode, iyayena. Na kai maganganunku gaban kwamiti ranar Asabar. Mun yi abin da Baba Dattijo ya ce, kowa ya rubuta uku. Mutum 7, abubuwa 16 dabam-dabam suka fito. Da na karanta musu saƙon 'yar'uwa 'Yar Fasto, shugabanmu ya cire tabarau ya daɗe bai yi magana ba, domin shi ma yana cikin dattawa duk shekarun nan 19.

Mun ɗage ƙuri'a da wata ɗaya. Mun rubuta abin da ke na fasto: wa'azi da koyarwa, baftisma da Jibin Ubangiji, horar da dattawa, da zuwa wurin masu tsananin ciwo. Ziyarar gida-gida mun raba wa dattawa unguwa-unguwa. Kuɗi da gini da gwauraye na dikinoni ne. An ba fasto yini ɗaya a mako da ba mai buga masa ƙofa sai in rai ne.

Mun kuma yi wa mutanen biyu tambayoyin Baba Rabaran. Kafintan ya yi shiru, ya ce gaskiya ya fi shekara 3 bai karanta wani littafi ba ban da Littafi Mai Tsarki, kuma wasiƙar Romawa tana ba shi wuya, in za mu taimaka masa zai koma makaranta ko da ta hutun ƙarshen mako ce. Mai digirin ya ce sau biyu kawai ya taɓa zama da mai mutuwa, kuma duk biyun ya rasa abin faɗa, ya fito yana jin kunya. Ba wanda ya ji haushi a cikinsu. Wannan ya ƙara mini wahalar zaɓi.

Rabaran Mai Ritaya:
Ɗana, ka gode wa Allah, amsoshin nan biyu masu kyau ne. Ka faɗa wa matashin cewa rasa abin faɗa a wurin ba abin kunya ba ne, ya dai zauna kada ya fita. Ikkilisiyarku za ta iya ɗaukar su biyun, ɗaya babba ɗaya mataimaki?

Sakataren Kwamiti:
Baba, mai baitulmali ya ce a yanzu ba za mu iya biyan albashi biyu cikakku ba. Amma kafintan ya ce bai taɓa ajiye zarto ba, kuma ba ya jin nauyin ci da hannunsa kamar yadda Bulus ya yi da ɗinkin tanti. Ba mu yanke ba tukuna, don ba ma so mu ci da guminsa da sunan sadaukarwa. Mako mai zuwa mu uku za mu je inda kowannensu ya yi aiki, ba ranar Lahadi ba, mu gana da mata da maƙwabta, har da waɗanda ba Kirista ba.

'Yar Fasto:
Allah ya kai ku lafiya, Yaya. In kun je, ku nemi izini mata biyu daga cikinku su zauna da matansu su kaɗai, ba a gaban mazan ba. Ku tambaye su ko su ma sun yarda da wannan kira, da abin da suke so a ɗauke musu.

Sakataren Kwamiti:
Mace ɗaya ce a kwamitin. Zan roƙi shugaba a ƙara wata kafin ranar Talata.